Neman kalma: matakin da homon ke zaburarwa a ƙwayar ciwon hanta

Mai shirin lafiya: Salamu alaikum malamai. Ranar Alhamis za a naɗi shiri kan abin da ke sa ciwon hanta nau'in B ya farka wa mai shan firednisolon, maganin kumburi da ke aiki kamar homon, wato sinadarin da jiki ke aikawa ta jini. Likita zai ce maganin na ƙara "tiranskirifshan" a ƙwayar cutar. Me za a ce da Hausa? Kwafi?

Malamar jami'a: Kwafi zai rikita ku. Matakai biyu ne daban. Akwai inda ƙwayar ke yin sabon DNA, wato hayayyafa. Akwai kuma inda ake karanta DNA ɗinta da ke zaune a cibiyar tantanin hanta, harafi wajen 3,200, a fitar da RNA. Na biyun kuke nema. Ku ce juyi, kamar yadda ake juyar littafi: asalin na nan, an samu wani rubutun daga gare shi.

Likitan hanta: Na yarda da juyi. Ga yadda abin yake. Firednisolon kan ratsa bangon tantani, ya haɗu da makarɓinsa a ciki, wato furotin da ke karɓarsa. Makarɓin ya saki furotin Hsp90 da ke riƙe da shi, ya shiga cibiya, su haɗu biyu-biyu su zauna kan wani guntun DNA mai harafi 15. Ƙwayar ciwon hanta B na da irin wannan guntu, sai juyi ya ƙaru. Amma kar a ce shi kaɗai ne sila. Maganin na danne garkuwar jiki, kuma sau da yawa ɓarnar hanta na zuwa ne bayan an daina sha, garkuwa ta dawo ta afka wa tantanin da suka kamu.

Tsohon mafassari: Juyi ya yi, amma "homon" fa? Turanci ne aka sa wa hula. Ku ce ɗan aike. Shi kuma guntun da makarɓi ke zama a kai, mazugi, tunda shi ke zuga aikin.

Malamar jami'a: Baba, ɗan aike ya yi faɗi. Sinadaran girma irin su EGF ma 'yan aike ne, amma ba sa shiga tantani. A bango suke tsayawa, saƙon ya bi ta furotin Ras ya kai ga furotin AP-1, shi ne ke hawa DNA. Hanyoyi biyu, suna ɗaya, ɗalibi zai ɓata.

Tsohon mafassari: Larabawa sun ce wa juyi nasakhi, ba su jira kowa ba. Mu ne kullum ke bara.

Ɗan Maraɗi: Ranka ya daɗe, ai su ma hurmun suke cewa. Mu nan birus muke cewa, ku bairas, kuma ba wanda ya fasa zuwa asibiti.

Tsohon mafassari: Wannan shi ne ciwon. Ingila ta ba mu ɗaya, Faransa ta ba ku ɗaya.

Mai shirin lafiya: Don Allah a dawo, lokaci na tafiya. Me mai sauraro zai riƙe?

Likitan hanta: A yi gwajin jini na ciwon hanta B, wato HBsAg da anti-HBc, kafin a fara shan maganin. Mai ɗauke da ƙwayar da zai sha firednisolon fiye da miligiram 20 kullum har mako 4 ko fiye yana cikin babban haɗari, ana ba shi maganin danne ƙwayar, tenofobir ko entekabir, tun kafin, a ci gaba watanni bayan an gama. Ku kuma ambaci masu sayen deksametason a kemis don ƙiba, aikinsa ɗaya ne da firednisolon. Mazugi kuwa ya fi dacewa da sashen da ke ƙarfafa juyi gaba ɗaya, inda makarɓin homon ɗin maza ke zama. Guntun nan a ce mazaunin homon.

Mai shirin lafiya: To, juyi, makarɓi, mazaunin homon. Homon zai tsaya yadda yake.

Tsohon mafassari: Ku yi ta homon ɗinku. Amma a rubuta cewa mazugi nawa ne.