Sabon faifan Paul McCartney: wa ke jira tare da ni a Legas?

Mai Gyaran Rediyo, Agege (Litinin, 7 ga Disamba 2020)

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya biyu gare ni, ɗaya ta kasuwa, ɗaya ta zuci.

Ta kasuwar ita ce: akwai wanda ya san inda za a samu sabon kundin waƙoƙin Paul McCartney, mawaƙin Ingila na tsohuwar ƙungiyar Beatles, a faifan garmaho a nan Legas idan ya fito? McCartney III sunansa. Da an sa ranar 11 ga watan nan, sai aka ɗaga zuwa Juma'a 18. Faifai nake so, baƙi mai tsagi, wanda zan ɗora wa allura da hannuna.

Ta zucin kuma sai na ɗan yi bayani. Sana'ata gyaran rediyo da amfilifaya, a wajen kawuna na koya a Obalende. Faifan da muke gwada kayan mutane da shi bayan an gama gyara shi ne Band on the Run, na McCartney da ƙungiyarsa ta Wings. Kawu ba ya jin Turancin da ke ciki, bai kuma damu ya ji ba. Abin da ya sani shi ne jitar bes ɗin waƙar Mrs Vandebilt ba ta rufa wa lasifika asiri: in takardarta ta tsage ko kwayil ya fara gogawa, nan take za ka ji tana karkarwa. Faifan yana nan a wurina har yanzu, da baƙin bangonsa mai hoton mutum tara da fitila ta haske su a jikin katanga. Akwai wani karce a gefen farko inda allura ke tsalle, sai na ɗora tsohon kwabo a kan hannunta sannan ta wuce.

Daga baya na san cewa a garin nan aka ɗauki yawancinsa, a 1973, a situdiyon EMI da ke titin Wharf a Apapa. Ana dab da tasowa daga Ingila mai ganga da mai jita suka ce ba za su zo ba. Saura mutum uku: shi, matarsa Linda, da Denny Laine. Sai ya hau kan gangunan da kansa.

To a nan maganata take. Na lura mutumin nan ba ya yin aikin da ke shiga raina sai lokacin da aka watse aka bar shi. A 1970, Beatles na rabuwa, ya shige gida da na'urar ɗauka mai layi huɗu ya kaɗa komai da kansa, aka samu McCartney na farko. A 1980 na biyu ya fito, shi ma shi kaɗai. Bana kuma korona ta rufe shi a gonarsa ta Sussex, an soke bikin kiɗa na Glastonbury da zai jagoranta, sai ya koma situdiyonsa ya yi na uku kusan shi kaɗai: ganga shi, bes shi, fiyano shi, jita shi. Shi ya sa nake ɗoki kamar yaro. Amma shekararsa 78, kuma na ji yadda muryarsa ta koma a Egypt Station na 2018. Ina tsoron in ɗora allura in ji abin da zai sa ni tausayinsa, ni kuwa ba tausayi nake nema a wajensa ba. Ku da kuka san waƙarsa, me kuke sa ran ji?

Ɗan Idi-Araba

Wa alaikumus salam Baba. Zancen faifai, ka fara leƙawa Jazzhole a titin Awolowo, Ikoyi, su ne na san suna ajiye faifan garmaho sabo da tsoho. Ko ba su kawo ba ka tambaye su ko za su yi maka oda. In ba haka ba sai dai wani ɗan uwa mai dawowa daga Landan, ga shi tafiye-tafiyen bana sai a hankali. Kada ka sa rai da wanda kamfanin Third Man na Jack White ya buga, mai ruwan ɗorawa da ɗigo-ɗigon baƙi. Guda 333 kacal suka yi, da narkakkun tsofaffin faifan na farko da na biyu, kuma tun ranar sanarwa aka wawashe su.

Kafin faifan ya iso kada ka zauna jira. A wannan shekara ta 2020 Spotify bai fara aiki a Najeriya ba tukuna, amma Apple Music yana yi, YouTube ma haka. Ni a Computer Village nake aiki, zan iya haɗa maka waya da amfilifayarka da 'yar igiya ɗaya, ka ji shi ta manyan lasifikokinka ranar da ya fito.

Gaskiya ni ban san shi ba sai a 2015, da ya yi FourFiveSeconds da Rihanna da Kanye West. Na ga wani dattijo riƙe da jita ta hagu, na tambaya aka ce ai ɗan Beatles ne. Ban taɓa jin cewa ya zauna a Legas ba sai yau da ka faɗa.

Tsohon Direba, Apapa

Malam mai rediyo, ina gaisuwa. Ni zan ɗan saɓa maka, ka yi haƙuri.

Shekarun da nake jan tanka ina bin titin Wharf safe da yamma, kuma na san labarin nan. Ya zo, ya yi makonni, ya zauna can wajen Ikeja, ya tafi da faifan da ya hau saman jerin ciniki a Amurka da Ingila har ya ci Grammy. Me Ikko ta samu a ciki? Saurari faifan daga farko har ƙarshe, ba za ka ji ƙamshin garin nan ba. Mawaƙi Fela Kuti ya fito fili ya ce Baturen ya zo satar kiɗan baƙar fata ne, sai da McCartney ya kira shi situdiyo ya kunna masa abin da suka ɗauka, ya ji babu kiɗansa a ciki. An wanke shi daga sata, na yarda. Amma hakan yana nufin ko makaɗi ɗaya na garin nan bai samu shiga faifan daga Apapa ba. Kuma abin da duniya ta riƙe game da zamansa a nan shi ne 'yan fashi sun tare shi da wuƙa da dare sun ƙwace jakar da ke ɗauke da rubutun waƙoƙinsa da kaset ɗin gwaji. Duk wanda ya tashi ba da tarihin faifan, da wannan yake farawa.

A wannan shekarar ta 1973, a wannan kamfanin na EMI, yaran makarantar St. Gregory ta Obalende, wato Ofege, suka fitar da Try and Love. BLO suka fitar da Chapter One: Berkely Jones a jita, Laolu Akins a ganga, Mike Odumosu a bes. Kiɗan rok ne tsantsa, na nan gida, da yaranmu suka yi bayan yaƙin basasa. Ga Monomono na Joni Haastrup, ga Funkees daga gabas. Yau wa ke jiran wani abu daga gare su? Wa ma ya san inda suke? Tony Allen, tsohon mai gangan Fela, ya rasu a Faris a watan Afrilun bana, mawaƙin rege Majek Fashek ya bi shi a Yuni, ban ga an buɗe zance a kansu a nan ba. In Baturen da ya riƙe garin nan da gaske ake nema, mai ganga Ginger Baker ne, wanda ya kafa situdiyon ARC a Ikeja, ya yi faifai da Fela a 1971. Shi ma bara ya rasu.

Ban hana ka ɗokinka ba. Abin ne yake ci mini rai.

Malama daga Surulere

Baba mai rediyo, barka da yamma. Ni zancen muryar ne ya tsayar da ni, don mahaifina ya rene mu da waƙoƙin mutumin nan a mota, kuma na saurari Egypt Station sosai.

Muryar ta tafi, kada ka yaudari kanka. Saman nan da yake hawa a Maybe I'm Amazed ba zai sake hawansa ba. Yanzu in ya ja dogon sauti tana rawa, tana kuma dushewa a ƙarshen baiti. Ba na kuma son a ce mini da tsohuwar zuma ake magani a rufe zancen, don akwai tsofaffin mawaƙan da sun fi kyau su ajiye. Abin dubawa shi ne wace irin waƙa ya rubuta wa wannan muryar. Inda Egypt Station ya dame ni shi ne wuraren da aka yi masa ado irin na yaran yanzu don rediyo ta ɗauka, a nan ne tsufan ya fi fitowa. Inda ya zauna da fiyano ya yi waƙar da ta dace da shekarunsa, kamar I Don't Know, ban ji tausayinsa ba ko kaɗan. Na ji dattijo yana magana ne, na kuma saurara.

Shi ya sa nake ganin wannan karon zai fi. A yawancin waƙoƙin babu wani furodusa a kansa da zai ce a ƙara wannan a rage wancan, babu kuma wanda ya san yana yin kundi sai da ya gama. Ka tuna Ɗan Maraya Jos a shekarunsa na ƙarshe kafin rasuwarsa a 2015. Daga shi sai kuntigi, ba 'yan amshi da za su ɗauke masa nauyi. Muryar ta sauya, amma wa ya taɓa tashi daga gabansa don haka?

Abin da na fi jira shi ne waƙar ƙarshe cikin goma sha ɗayan, When Winter Comes. A 1992 aka ɗauke ta, George Martin, furodusan Beatles, na zaune a situdiyo, shi da ya rasu a 2016. Wato za ka ji muryar ɗan shekara 78 a waƙa goma, sannan ta ɗan shekara 50 ta rufe. Mai jin kunyar muryarsa ba zai jera su haka a faifai ɗaya ba.

Mai Gyaran Rediyo, Agege

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri.

Malama, kin kwantar mini da hankali fiye da yadda kike zato. Ban yi tunanin jerin nan ta wannan fuskar ba.

Yaya na Apapa, maganarka ta zauna mini, kuma rabinta ina tare da kai. Try and Love ya ratsa shagon kawu shi ma, yaran St. Gregory ai maƙwabtanmu ne. Abin takaici ne a ce sai kamfanonin waje sun sake buga faifan yaranmu sannan mu tuna da su. Amma ban yarda cewa Legas ba ta cikin Band on the Run ba. Ni da kunnen mai gyara nake ji. Na'urar Apapa layi takwas gare ta, lokacin da Landan ta wuce nan. Ga ƙarancin kaya, ga ɗauke wuta, ga mutum biyu sun gudu, ga kaset ɗin gwaji an ƙwace, dole ya zauna ya tuno waƙoƙin da ka. Har faɗuwa ya yi a situdiyon numfashi ya sarƙe masa, aka ɗauka zuciya ce. Duk wannan matsin yana cikin sautin. Gangar ba ta da ƙawa, bugu ne na wanda ba shi da lokacin wasa, bes ɗin kuma ya fito gaba don babu abin da zai ɓuya a bayansa. Garin nan haka yake yi wa kowa, ya rage maka kaya ya ga abin da za ka iya da sauran. Da a Landan ya yi shi da cikakkiyar ƙungiya, da wani faifan daban za a samu.

Kuma kada mu manta ya je Shrine, gidan rawar Fela, ya zauna ya saurare shi da ƙungiyarsa ta Africa 70, kuma ya sha faɗa a hira cewa kiɗan ya sa shi hawaye. Ya je ARC wajen Ginger Baker, a can aka yi aikin Picasso's Last Words, Baker na kaɗa gwangwani mai tsakuwa a ciki. Mutumin da ya ji abin da ya fi ƙarfinsa, ya yaba, ya kuma bar wa masu shi kayansu, ni ina ganin girmansa.

Ɗana na Idi-Araba, na karɓi tayinka. Ka zo ranar 18 bayan an sauko daga Juma'a, shagon yana kusa da tashar Agege, zan turo maka kwatance ta saƙo. Zan fito da manyan lasifikokin katako da ban taɓa sayarwa ba. Duk mai so ya zo, amma da takunkumi, kuma a waje za mu jera benci saboda halin da ake ciki.

Tsohon Direba, Apapa

Zancen layi takwas ɗin ban taɓa jin wanda ya kawo shi haka ba, zan sake saurara da wannan kunnen. Ina nan a kan bakana game da yaranmu, amma zan zo in cunkoson Apapa ya bar ni na fita da wuri. Sharaɗi ɗaya: in an gama na Baturen za a ɗora Chapter One, ina da shi, sai dai ya ɗan lanƙwashe saboda zafi. Ka duba mini ko allurarka za ta iya bin sa, in ba za ta iya ba ka faɗa mini tun yanzu in nemo na Ofege a wajen ƙanena a Ijora.