A taimaka da kalma: obisiti da sinadarin leftin

Mai shirin lafiya: Assalamu alaikum. Gobe da ƙarfe goma zan naɗi shirin rediyo kan binciken masana game da abin da ke kawo ƙiba, kuma kalmomi biyu sun tsaya mini a wuya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana amfani da ma'aunin BMI, inda ake gwada nauyin mutum da tsawonsa. Daga 25 mataki ɗaya ne, daga 30 zuwa sama shi ne obisiti. Mu kuwa duka ƙiba muke cewa. Ta biyu ita ce leftin, sinadarin da kitse ke aikawa ƙwaƙwalwa.

Ɗan jarida: Wa alaikumus salam. Teɓa mana. Gajera ce, kowa ya san ta.

Ma'aikaciyar jinya: Don Allah Yaya kar a sa teɓa a rediyo. Na taɓa ganin an faɗa wa wata mata kalmar nan a ɗakin awo, bayan ta sauko daga sikeli. Ba ta ce uffan ba, ta naɗe katinta ta sa a jaka, ba mu sake ganinta ba, alhali jininta ya hau sosai. Ki ce matsananciyar ƙiba kawai.

Tsohon malamin Hausa: Matsananciyar ƙiba ai jimla ce, ba suna ba. Na daɗe da ƙirƙiro kalmar nan: ƙibau. Yadda muka samu sanƙarau daga sanƙarewa, haka za mu samu ƙibau daga ƙiba. Leftin kuma ku ce jakadan kitse. Har yaushe za mu riƙa ɗauko kalmar Bature mu sa mata hula mu ce ta zama tamu?

Ɗalibin likitanci: Allah ya gafarta Malam, leftin ba Turanci ba ce. Jeffrey Friedman da abokan aikinsa a Jami'ar Rockefeller ta Niyok ne suka gano sinadarin a 1994, sunan kuma daga Girkanci aka ɗauko shi, daga kalmar da ke nufin siriri. Su ma aro suka yi.

Tsohon malamin Hausa: Don sun yi aro sai mu ari aron? Yaro, tun ba a haife ka ba nake koyar da nahawu.

Mai fassara: Malam, da girmanka, ƙibau tana da matsala. Wannan ɗafin na -au ba sunan cuta kaɗai yake bayarwa ba. Mantau mutum ne, makarau mutum ne. Ranar da aka faɗi ƙibau a rediyo, kafin la'asar yara sun liƙa wa wani a makaranta. Ta fi teɓa ciwo.

Tsohon malamin Hausa: Abin da ke damuna da ku ke nan. Idan kalma ta fito daga gidan rediyon waje ku karɓa hannu bibbiyu, idan ta fito daga bakin naku sai a fara neman aibunta.

Ɗan jarida: Su ma na wajen ai Hausawa ne ke fassarawa, Malam. Kuma mu da ke aiki da agogo a gabanmu mun fi masu zama a ofis sanin abin da kunne ke ɗauka.

Mai shirin lafiya: Jama'a ku yi haƙuri, dare na yi.

Ɗalibin likitanci: Ni dai jakadan kitse ta burge ni, kuma ga dalili. Labarin ya faro ne daga wasu ɓeraye da aka gani a ɗakin binciken Jackson a Amurka a 1949, masu ci ba ƙoshi har nauyinsu ya ninka na 'yan'uwansu. Daga baya aka gane jikinsu ba ya yin leftin, da aka yi musu allurarsa kuma suka rage ci suka rame. Aka ɗauka an samu magani. Sai aka tarar yawancin mutane masu ƙiba leftin ɗinsu yawa ma ya yi, ƙwaƙwalwa ce ba ta jin saƙon. Ka ga jakada ya iso, an ƙi sauraronsa. Idan mutum ya rage nauyi kuma leftin ya sauka, girelin, wato sinadarin yunwa da ciki ke fitarwa, ya hau, yunwa ta ƙaru, jiki ya rage ƙona abinci. Shi ya sa nauyin ke yawan dawowa. Duk kalmar da za ta nuna haɗama ce kawai ta saɓa wa binciken.

Ma'aikaciyar jinya: To a ce cutar ƙiba. Ƙungiyar likitocin Amurka ta amince cuta ce tun 2013.

Mai fassara: Ba duk wanda BMI ɗinsa ya kai 30 ne mara lafiya ba. Ɗan dambe mai tsoka zai iya kaiwa. Ƙiba mai cutarwa ta fi mini.

Mai shirin lafiya: Na gode ƙwarai. Zan ce ƙiba mai cutarwa, leftin kuma zan bar shi da sunansa, in bayyana shi da jakadan kitse a farkon ambato. Na 25 ɗin har yanzu ban samu ba, zan ce nauyin da ya ɗan wuce kima.

Tsohon malamin Hausa: Kin ɗauki rabi kin bar rabi, 'yata. Ba komai. Amma ki fara faɗin jakadan kitse kafin leftin, kar ki sa ta a baya. Ƙibau kuma ban janye ba.