Musayar Waƙa: Doguwar Bindiga da Dokokin Jihohin Amurka

Maharbin Sakaramento

Salamu alaikum 'yan'uwa. Yanzu na dawo daga shagon bindiga hannu rabbana, raina a ɓace, sai na zuba abin a baiti. Mai amsawa ya amsa da waƙa, amsa-amonmu "ba".

Bismillahi, ga kukana a fili,
Kukan da ban iya haɗiye shi ba.
Shekara sha biyu ina Kalifoniya,
Ko tarar mota ba ta hau kaina ba.
Doguwar bindiga na saya da gumina,
Ban bi ta bayan gida na karɓo ba.
Na cike takarda, na dangwala yatsa,
Kwana goma na jira, ban ƙosa ba.
Sai doka ta ƙura wa mariƙinta ido,
Ta ce da wannan siffa ba ta yarda ba.
Na ɗaura fiffiken roba a bayansa,
Babban yatsa bai sake zagayawa ba.
Bakin na nan, kunamar na nan,
Harsashi bai rage gudunsa ba.
Riƙona kaɗai aka raunana,
Ranar sanyi hannuna bai natsu ba.
Akwai ɗan maɓallin cire gidan harsashi da suka halatta,
Wanda yatsa zalla bai danna shi ba.
A 2016 suka juya masa baya,
Ko rajista ko gyara, ba su ƙyale shi ba.
Tun Yulin 2019 kwalin harsashi
Ba ka ɗauka in ba a tantance ka ba.
Yau kwamfuta ta mayar da ni baya,
Adireshina biyu ba su zo ɗaya ba.
Na sauya gida, iyakar laifina ke nan,
Ga lokacin barewa bai jira ni ba.
Harajin tarayya tun 1937
Daji yake komawa, ban ƙi shi ba.
A 2024 jiha ta ɗora sha ɗaya bisa ɗari,
Talakan maharbi ba a tuna da shi ba.

Direban Shikago

Wa alaikumus salam, Yaya. Na tsaya hutu a tashar manyan motoci, ga tawa.

Yaya, ka sosa mini inda ke ƙaiƙayi,
Mu ma a Ilinoi ba mu tsira ba.
Katin FOID, izinin mallakar bindiga, na cikin aljihuna,
In babu shi ba za ka sayi harsashi ba.
Janairun 2023 Gwamna Pritzker ya sa hannu,
Irin tawa ba za a sake sayarwa ba.
Mai ita ya kai lambarta ga hukuma
Kafin 2024, ba a ƙara wa'adi ba.
Na kai, don ni baƙo ne mai iyali,
Ban zo ƙasar nan neman shari'a ba.
Sherif-sherif da yawa a gundumomi
Suka ce ba za su bi gida-gida ba.
To wa zan bi, gwamna ko sherif?
Na rasa wanda zai ce mini ban ɓata ba.
Daga Shikago zuwa iyakar Indiyana
Tafiyar ba ta cika awa guda ba.
Abin da ke halal a wancan gefen
A nan laifi ne, ƙarfen kuwa bai canza ba.
Kuma gawar da ake ɗauka a unguwanninmu
Yawanci ba doguwa ce ta kashe ba.
Ƙarama ce, ta cikin ƙugun wando,
Mai ita bai taɓa bin layin rajista ba.

Anti Nas ta Bafalo

Ku yi haƙuri, zan sauya amsa-amo zuwa "na". Abin da ke raina ya ƙi shiga naku.

Na ji kukanku, ban kuma raina shi ba,
Amma ku saurari nawa, ƙannena.
A titin Jefferson nake cefane,
Shagon nan ya saba da kwandona.
Ran 14 ga Mayu, 2022,
Asabar ce, tana zo mini har a barcina.
Yaro ɗan sha takwas ya taho daga nesa,
Yana neman fata irin ta 'ya'yana.
Mutum goma ya kashe, duka baƙaƙe,
Har da mai shekara 86, sa'ar goggona.
Doguwar bindiga ce a hannunsa,
Irin wadda kuke wa kuka, 'yan'uwana.
Dokokin nan ba daga sama suka faɗo ba,
Kowace da kabarinta, ku duba mana.
Ta Kalifoniya ta biyo yara biyar na Stockton,
A 1989, 'yan firamare ƙanana.
Ta Niyok ta biyo yara ashirin na Sandy Hook,
Da manya shida masu riƙon amana.
Ta Ilinoi, mutum bakwai na Highland Park,
Ranar bikin 'yanci, ana kiɗa ana murna.
Ni da ke wanke rauni a asibiti,
Na ga ɓarnar harsashin nan da idona.
Kwana goman da Malam ya jira
Sun cika, ya kai abarsa gida ya adana.
Uwar da ke jira a bakin ƙofa,
Nata jiran ba a sa masa rana.

Maharbin Sakaramento

Allah ya ba ku haƙuri, Anti.

Na karanta naki na ajiye waya,
Na daɗe ban iya rubuta komai ba.
Fatar da ya farauta ita ce tawa,
Da ya same ni a shagon da bai bar ni ba.
Amma dubi bindigar da ya ɗauko,
Dokar Niyok ba ta hana sayar da ita ba.
An kulle gidan harsashinta don bin doka,
Ya kwance kullen, bai sha wahala ba.
Shekara guda kafin nan ya yi barazana a makaranta,
Aka kai shi asibiti, bai daɗe ba.
Ga dokar ƙwace makami daga mai haɗari,
Ba a kai sunansa gaban alƙali ba.
Ƙofar da aka bari a buɗe ke nan, Anti,
Fiffiken roba bai isa ya rufe ta ba.
Niyok ta ɗaga shekarun saye zuwa 21,
Da wannan ni ban yi jayayya ba.
A nan an hana mu farauta da dalma
Don ungulun kondo, ban ce uffan ba.
Tana cin ragowar mushe ta sha guba,
Na koma tagulla, tsada ba ta hana ni ba.
An nuna mini dalili, na gamsu da shi,
Na mariƙi har yau ba a nuna mini ba.

Baba na Albany

Ku bar tsoho ya sa baki, 'ya'yana.

Gyara na Biyu na tsarin mulki, kan riƙe makami, tun 1791,
Har yau ba a gama fassara shi ba.
Shari'ar Heller a 2008 ta ce haƙƙin mutum ne,
Amma ba ta ce babu iyaka ba.
Ta Bruen a 2022 ta ce a auna dokar bindiga da tarihi,
Alƙalai ba su auna da mudu ɗaya ba.
A nan Niyok dokar SAFE ta ce harsashi bakwai kaɗai a bindiga,
Kotu ta soke, lissafin bai tsaya ba.
A Kalifoniya Alƙali Benitez ya buɗe ƙofar sayen babban gidan harsashi a 2019,
Mako guda, ba ta ga na biyu ba.
Yunin 2025 ƙarar hana irin bindigar nan a Maryland na Kotun Ƙoli,
Suka ture ta, ba su saurara ba.
Mai bindiga na kwana da lambar lauya,
Mai makoki ma hawayensa bai bushe ba.

Anti Nas ta Bafalo

Malam, batun yaron ka faɗi gaskiya,
Sakacin nan na ci mini rai har bana.
Amma gidan harsashi mai cin talatin,
Wace barewa ce ke buƙatarsa, ƙanena?
Daƙiƙun da mai harbi ke sauya wani,
A cikinsu yaro ke tsira, a sanina.

Maharbin Sakaramento

Barewa ba ta buƙatar talatin, Anti,
Ni ma a daji ban zuba fiye da biyar ba.
Zan kwana da tambayarki a raina,
A daren nan ban haɗa amsarta ba.
Litinin zan je in gyara adireshi,
In sake gwadawa, ko ba za ta ƙi ni ba.