Neman shawara: Banki ya yi ta yankar mini kuɗi, shin in kai shi kotu?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗan kasuwa ne a Sabon Garin Zariya, ina sayen masara da waken soya a kasuwannin Giwa da Makarfi ina turawa Kudu. A kakar 2022 na karɓi rancen naira miliyan 5 daga wani banki, kuma na gama biya. Kwanan baya ɗana da ke karatun akanta ya zauna da bayanan asusuna na shekara uku, ya ja jan layi a ƙarƙashin duk cajin da bai gamsu da shi ba. Kuɗin gudanar da rance, naira 50,000, an cire shi har sau huɗu, sannan kuɗin kula da asusu ya kusa ninka abin da ya lissafa. Jimillar ta haura naira 400,000. Na sami manaja, ya ba ni kujera da ruwan sanyi, ya ce za su duba, daga nan shiru kake ji. Shin in ɗauki lauya in shigar da ƙara, kuma a wace kotu?

Wata tsohuwar ma'aikaciyar banki:
Wa alaikumus salam. Alhaji, lissafin ɗanka yana da tushe. A ƙa'idar caje-caje da Babban Bankin Najeriya ya fitar, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2020, kuɗin gudanar da rance ba ya wuce kashi 1 cikin 100 na abin da aka ba ka, kuma sau ɗaya tak ake karɓarsa. Kuɗin kula da asusun karant kuwa, a waccan ƙa'idar ta 2020, iyakarsa naira 1 a kan kowace naira 1,000 da kai da kanka ka fitar, ana ma iya neman ragi, sai dai ba kasafai ake gaya wa mutane haka ba. Shi ne ya maye gurbin tsohon cajin COT, wato kamashon da banki ke cira a kan kuɗin da ke fita daga asusu, wanda aka soke a 2016.

Amma ka sani, zaman da ka yi a ofishin manaja bai shiga lissafi ba, domin banki takarda ya sani. Ka rubuta wasiƙar ƙorafi, ka jera kowane caji da kwanan watansa da adadinsa, ka kai kwafi biyu, su buga hatimin karɓa a kan naka, kuma kada ka bar wurin sai an ba ka lambar ƙorafi. Idan kwana 30 suka wuce ba su warware ba, ka tura komai ga sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Ba a biyan ko kwabo. Bankuna suna jin tsoron wannan sashe, saboda ƙa'idar ta tanadi tarar naira miliyan 2 a kan kowace saɓawa.

Wani ɗan kasuwa daga Tudun Wada:
Hajiya, a gafarce ni, amma wasu bankunan ba sa motsi sai sun ga takarda mai tambarin lauya. Ni na yi ta rubutu da hannuna ba a kula ni ba, amma da lauya ya aika musu da wasiƙar gargaɗi sai ga su suna neman sulhu. Abin da zan ja kunnen Alhaji a kai shi ne masu yawo shago-shago suna cewa za su ƙwato wa mutum kuɗinsa a raba. Akwai na ƙwarai a cikinsu, amma kada ka miƙa bayanan asusunka ga wanda ba ka san ofishinsa ba.

Wani lauya:
Alhaji, bari in fara da batun hurumi, tunda shi ka tambaya. Sashe na 251 na tsarin mulkin 1999 ya ba Babbar Kotun Tarayya hurumin shari'o'in banki, amma ya keɓe rikici tsakanin banki da mai ajiya, kuma a shari'ar hukumar inshorar ajiyar banki (NDIC) da kamfanin Okem Enterprises a 2004 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa irin wannan ƙara ana iya kai ta ko dai Babbar Kotun Tarayya ko Babbar Kotun Jiha. Ke nan ba lallai sai ka yi ta zirga-zirga zuwa Kaduna ba, Babbar Kotun Jiha da ke nan Zariya ta wadatar.

Duk da haka, ko da yake da shari'a nake cin abinci, ba zan ce ka fara da kotu ba. Dalili na farko, da zarar magana ta shiga gaban alƙali, Babban Banki zai janye hannunsa, ka ga ka toshe wa kanka hanyar da ba ta cin kuɗi. Na biyu, ka auna naira 400,000 da kuɗin lauya, da kuɗin shigar da ƙara, da na akantan da zai zo ya ba da shaida, da ɗage-ɗagen zama, sannan bankin yana da lauyoyin da ba za su gaji da ɗaukaka ƙara ba. Wasiƙar gargaɗi da ɗan uwanmu na Tudun Wada ya ambata aba ce daban, ba ta da tsada, kuma ba ta hana ka zuwa Babban Banki.

Idan ta kama sai an je kotu, takardun da ka tara su ne makaminka. Bayanan asusu daga kwamfuta suke fitowa, don haka sai an cika sharuɗɗan sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 kafin alƙali ya karɓe su. Hoton alat a waya ba zai fisshe ka ba. Ka kuma kula da lokaci: Babban Banki ba ya sauraron ƙorafin da ya wuce shekara 6 da faruwa, dokar jiha ma ta yanka nata wa'adin na shigar da ƙara, kuma alkawarin manaja na baki ba ya tsayar da shi.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Barista, takardar yarjejeniyar rancen ta ɓace mini lokacin da muka canza shago. Sannan na ji an ce ana mayar da kuɗin tare da ruwa, ni kuwa haƙƙina kawai nake so.

Lauyan:
Bankin yana da kwafin takardar da ka sa wa hannu, sai ka nemi a ba ka a cikin wasiƙar ƙorafin, tare da cikakken bayanin asusu mai hatimi tun daga ranar da rancen ya shigo. Ka karanta ta da kyau, domin idan an sabunta rancen ko an tsawaita wa'adinsa, da wannan za su kafa hujjar wasu caje-cajen. Batun ruwa kuwa zaɓinka ne, kana iya neman uwar kuɗi kaɗai, hukuncin ƙarin kuma malamai za ka tambaya. Ka sa ɗanka ya raba lissafin gida biyu, na rance daban, na kula da asusu daban, ka kai wasiƙar cikin makon nan.