Neman kalma: "système de fichiers" da zanen da ke ɓata allo wajen tashi

Malamar kwamfuta, Sabon Gari:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ran Asabar ina da darasi da yara masu koyon gyara, gobe da hantsi kuma zan kai takardar wurin bugawa. Kalma biyu sun tsaye mini, ina neman Hausarsu: "système de fichiers", wato yadda kwamfuta ke tsara abin da aka ajiye a diski, da abin da ake kira "artefacts", wato layuka da ɗigo-ɗigo masu launi da ke ɓata allo. Abin da ya jawo darasin, wata kwamfutarmu mai Ubuntu ce kuran ya ɗauke tana tsakar kwafe aiki, batirinta kuwa ya daɗe da mutuwa. Da muka kunna sai baƙin allo da kalmar initramfs, tana neman a yi mata fsck, wato umarnin duba diski da gyara shi, da hannu. Ta kusa da ita kuma korayen layuka ne a tsaye tun daga tambarin kamfani. Duk biyun "ta mutu" yaran ke cewa, alhali cutar ba ɗaya ba ce.

Mai gyara, Kasuwar Dole:
Wa alaikumus salam Malama. A rumfa "allo ya yi zane" muke cewa, kowa na ganewa. Amma ki fara raba musu kunnuwa da tashi. Fitila ta kama, fanka na juyawa, ta kunnu. Sai Windows ko Ubuntu ya buɗe ne ta tashi. Taki ta farko ta kunnu, ba ta tashi ba.

Ɗalibin jami'a:
Tsarin fayil. An daɗe ana rubuta shi haka, me za a nema kuma?

Baba mai ritaya, Birni:
Ɗana, fayil Ingilishi ne, fishiye Faransanci ne. Sauya ubangida kawai ka yi. Ni ga nawa: kundin rumbu. Diski rumbu ne, shi kuwa wannan abu kundin ma'aji ne da ke faɗin buhu kaza yana kusurwa kaza. Na allon kuma ƙyasfin allo. Duk wanda ya taɓa ganin ƙyasfi a wuyan yaro ya san dabbare-dabbaren da ake nufi.

Malamar kwamfuta:
Baba, misalin rumbun ya shige ni ƙwarai. In wuta ta yanke ana cikin rubutu, kundi ya ce buhu ya shiga, rumbu ya ce bai gani ba. Aikin fsck, ko chkdsk a Windows, shi ne a sake ƙirga buhuna a daidaita da kundi. Har zan iya bayyana musu abin da ya sa NTFS na Windows da ext4 na Ubuntu, waɗanda nau'o'in wannan kundi ne, suka fi jure yankewar wuta: suna fara rubuta abin da za su yi a gefe kafin su yi. FAT32 da ke kan yawancin ƙananan kile na USB ba ya yin haka, shi ya sa fizge kile ana kwafi ke ɓata shi.

Mai gyara:
Ƙyasfi dai a'a, Baba, Allah ya ba ka haƙuri. Ka ce wa mai kaya kwamfutarsa ta yi ƙyasfi, zai ɗauka birus ne, ya ce a yi mata formate, aikinsa na shekara ya tafi a banza. Kuma ƙyasfi zaune yake wuri ɗaya. Wannan yana rawa, wani lokaci ka motsa murfin ya ɓace, ka sake motsawa ya dawo, ka san wayar da ta bi ta maƙogwaron murfin ce ta tsinke.

Baba mai ritaya:
Zane fa? Zane na ɗaurawa, zanen fuska, zanen gini, zanen bulala. Kalmar da ta ɗauki kaya huɗu za ku ɗora wa na biyar. Ƙyasfi aƙalla yana faɗa wa yaro cewa cuta ce.

Ɗan Damagaram a Kano:
Da izininku. A nan fayil ya riga ya zauna a bakin mutane, a ofis da rediyo. In yaran nan suka zo Farm Centre sayen kaya suka ce kundin rumbu, kallonsu kawai za a yi.

Baba mai ritaya:
To sai me? Kullum sai Kano ta tauna mu haɗiye? Tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Garin nan, Damagaram, shi ne babban birnin ƙasar har 1926. Fadar Sarkin Damagaram ba da aron baki aka gudanar da ita ba. In ba mu ƙera kalma a nan ba, ina za a ƙera?

Ɗalibin jami'a:
Baba, allon da kake cewa ma daga Larabci ya zo. Aro ba abin kunya ba ne. Kuma kundi mu a jami'a shi ne abin da ɗalibi ke rubutawa ya kare a ƙarshen karatu. A gida kuwa ka ce kundi, na malam ake tunawa.

Baba mai ritaya:
Allo ya yi shekaru ɗaruruwa a tsangaya, ya biya kuɗin zama. Fayil jiya ya sauka daga mota.

Ɗan Damagaram a Kano:
Motar ma ai aro ce, Baba.

Malamar kwamfuta:
Don Allah a dawo, dare na yi. Tambayata ɗaya ga mai gyara: yaya yaro zai gane zanen daga ƙarfe yake ko daga manhaja?

Mai gyara:
Ya duba lokacin da ya fito. In tun a tambarin kamfani ko cikin BIOS yake, wato shafin saitin da ake shiga kafin Windows ya buɗe, manhaja ba ta ma farka ba tukuna, to allo ne, ko wayarsa, ko katin hoto, ko RAM. A jona wani allo ta HDMI ko VGA. In na wajen ya fito tas, laifin allon ne ko wayarsa. In shi ma ya yi zane, a buɗe ciki. Bayan hunturu za ki tarar ƙura ta yi tabarma a bakin fanka, zafin Afirilu ya zo ya ƙarasa. In kuwa sai Windows ya buɗe zanen ke fitowa, a shiga "mode sans échec", inda Windows ke tashi da abin da ya zama dole kawai, in ya ɓace a can direban hoto ne, wato manhajar da ke sarrafa katin hoto, a sake shi. Na rumbun kuma ki ja musu kunne: diskin da ke ƙas-ƙas a fara kwashe kayan ciki kafin kowane gyara, kuma ba a yi wa ɓangaren da ke kan aiki fsck.

Malamar kwamfuta:
Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan buga. Kunnuwa da tashi, sun zauna. Na allo, zanen allo, tunda shi za su ji a rumfa. Na biyun na sa tsarin ajiya a kai, sannan na yi bayaninsa da kundin rumbu na Baba, na ambaci fayil sau ɗaya don masu zuwa Kano.

Ɗalibin jami'a:
Tsarin ajiya ya yi faɗi, har banki zai shiga ciki. Amma na Asabar ya isa.

Baba mai ritaya:
Ban yarda da zane ba, ƴata, kuma ba zan yarda ba. Kundin rumbun dai kada ki tura shi ƙasan shafi da ƙananan baƙaƙe. In kin karanta musu duka biyun, ki dawo ki faɗa mini wanda suka riƙe.