Don Allah a ba ni shawara, zafi ke hana mu

Salam 'yan uwa, a ɓoye sunana don Allah. Ni matar aure ce a Barnawa, shekarar mu 6 da aure. Maigidana ne ya nemi in riƙa amfani da abin roba na wasan ma'aurata ta bayansa, mun zauna mun amince, amma sau 2 muna gwadawa zafi yake ji dole mu haƙura. Na san wurin ba ya kawo ruwa da kansa shi ya sa na shafa Vaseline, kawai sai kwaroron roba ya yage, ashe man shafawa irin Vaseline cinye shi yake. Na sayo KY Jelly, abin shafawa mai santsi na saduwa, a kemis, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige, shi kuma ga saurin bushewa. To da yatsa ake farawa tukuna, har minti nawa? Kuma ya zai saki jikinsa, don da na matso sai ya ƙame?