Wai Bindigar Roba Na Saya

Na Kolorado: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau raina a ɓace yake, kuma nan na ga ya dace in sauke. Shekara uku ina tara kuɗi, ranar Asabar na karɓo sabuwar bindigar farauta. Kotarta zaren kabon ce, wato wani zare mai ƙarfi mara nauyi da ake haɗawa da gam a daskarar, bututunta ma ƙarfe ne siriri aka naɗe da zaren kabon. Don murna na ɗauki hoto na tura wa kawuna a gida. Sai ga saƙon murya, yana dariya har da tari, wai "ashe har a Amurka ana sayar da bindigar roba irin ta yaran sallah?" To ni dai ga abin da na sani. Tsohuwata mai kotar katakon walnut, in an haɗa da madubin hangen nesa, ta haura kilo 4. Wannan ba ta kai kilo 3 ba. Wanda bai taɓa hawa dutse mai tsayin mita 3,000 da asuba ba, dusar ƙanƙara har gwiwa, yana bin sawun elk, dabbar da namijinta ya kai gwanki girma, ba zai san darajar kilo ɗaya ba. Na faɗa na ƙara, zamanin itace ya wuce. Duk maharbi irin mu da ya san ciwon kafaɗarsa ya bar wa masu kujera katako.

Direban Tirela: Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya sa a kashe lafiya. Nawa ka saya?

Ɗan Sarkin Baka: Dakata tukuna. "Maharbi irin mu"? Ku su wa?

Na Kolorado: Mu masu harbi mana.

Ɗan Sarkin Baka: A'a, yaya. Kowa ya ja kunama ya yi harbi, amma ba kowa ake kira maharbi ba. Harbi gado ne. Ana haifar mutum a cikinsa, a ba shi sirrin daji, ya san dabbar da ake harbi da wadda in ka gan ta sai ka sunkuyar da kai ka wuce. Na san gidanku ai, fatauci kuka gada. Kai mafarauci ne, shi ma na ƙarshen mako.

Na Kolorado: Na ƙarshen mako? Ina da lasisi, na yi kwas ɗin koyon farauta da doka ta wajabta a nan jihar Kolorado, na ci jarrabawa. Kai wa ya ba ka takarda?

Ɗan Sarkin Baka: Kakana bai san takarda ba, amma in kura ta addabi gari ƙofar gidanmu hakimi yake aikowa.

Ɗan Makera: Maganar gaskiya ko mafarauci ma an yi masa alfarma. Farauta da karnuka ake yi, da gora, da ganga, jama'a gari guda a fita bayan an gama girbi. Shi kuwa na ga hotonsa na bara, sanye da riga ruwan lemo kamar ma'aikacin gyaran titi.

Na Kolorado: Dokar jiha ce ta ce a saka, don kada wani ya ɗauke ka dabba ya harbe ka. Da ana sakawa a gida da an rage zaman makoki.

Ɗan Makera: Ka ji shi ko? Ya fara zagin gida.

Malamin Fiziks: Jama'a, mun bar jaki muna dukan taiki. Bawan Allah ya kawo magana a kan zaren kabon da itace, ku bari in ɗan sa baki a kan wannan. Akwai abin da shi kansa mai bindigar bai faɗa daidai ba. In ka yanko gutsure mai girman lita ɗaya daga kowanne ka ɗora a sikeli, ƙarfe zai ba ka wajen kilo 7.8, alminiyam 2.7, zaren kabon haɗe da gam ɗinsa wajen 1.6, katakon walnut kuwa bai kai 0.7 ba. Wato itacen ya fi kabon ɗin rashin nauyi, ninki biyu ma har da ɗoriya. Abin da ya sa kotar kabon ta fi sauƙi shi ne ba cikakkiya ba ce. Ɓawo ne siriri mai ƙarfi, ciki fanko ko an cika shi da soso. Itace ba zai jure a rarake shi haka ba. A bututu ne ribar ta fi fitowa fili, saboda can ƙarfe ake ragewa. Ana fere bututun ya zama siriri, a naɗe shi da zaren, ya dawo da kauri da tauri ba tare da nauyin ƙarfen da aka cire ba.

Ɗan Sarkin Baka: Malam, duk wannan lissafin bai amsa tambayata ba. Maharbi ne ko ba maharbi ba?

Malamin Fiziks: Wannan ba fannina ba ne.

Ɗan Sarkin Baka: To ka gani.

Direban Tirela: Ni fa tsoro nake ji masa. Ba da wannan kabon ɗin aka ƙera jirgin nan Titan da ya murƙushe a ƙarƙashin teku a watan Yunin 2023 ba, mutum biyar suka mutu? Yanzu shi za ka manna a kumatunka ka ja kunama?

Malamin Fiziks: Ba ɗaya ba ne, direba. Can ruwan teku ne mai zurfin sama da mita 3,000 yake matse shi ta waje, shi kuwa zaren kabon ƙarfinsa a wajen ja ya fi yawa. A bindiga ƙarfen ciki ne yake tarar wutar. Kuma jirgin sama ƙirar Boeing 787 kusan rabin nauyin jikinsa irin waɗannan haɗe-haɗen ne, yawanci na kabon, ga shi kullum yana jigilar mutane.

Direban Tirela: Ni dai na ga bidiyo.

Na Kolorado: Allah ya saka, Malam. Kuma ba jiya aka fara ba. Kamfanin Christensen Arms a jihar Yuta tun 1995 yake wannan aikin, ga Proof Research a Montana. In bindigar roba ake nema a je ga Nylon 66 da Remington ya fitar a 1959, ita ce kotarta nailan. Tawa ba roba ba ce.

Ɗan Makera: In aka jefa ta a wuta za ta yi warin roba ko ba za ta yi ba?

Malamin Fiziks: Gam ɗin da ya riƙe zaren dangin roba ne, wannan gaskiya ne. Shi kansa zaren yawanci daga wani nau'in zaren roba ake fara shi, a gasa shi a zafin da ya haura digiri 1,000 har sai kusan kabon zalla ya rage.

Ɗan Makera: Alhamdu lillahi. Kawu ya yi gaskiya. Roba ce aka gasa.

Na Kolorado: Malam, wai ɓangaren wa kake ne?

Baba Maharbi: Jikana ne yake rubuta min, ni ban iya latse-latsen nan ba. An karanta min duk abin da kuka ce. Ɗana na Amurka, Allah ya yi maka albarka, kada ka ji haushin kawunka, wasa yake maka. Adakata tana nan rataye a ɗaka, ta girmi ubanka. Kotarta baushe ce, masassaƙin da ya fafe ta ya daɗe da rasuwa. Wurin da tafin hannuna yake zama ya yi baƙi ya yi santsi, gumi da man kaɗe sun shige shi, ko a duhu na ɗauke ta hannu ya san mazauninsa. Amma ba zan yi ƙarya ba. Da damina itacen yakan sha danshi ya kumbura, da hunturu ya bushe ya ja jiki, sau biyu tana tsagewa ina ɗaure ta da jan kilago. Maharbi yakan san halin abarsa kamar yadda mutum ya san halin matarsa, sai ya bi ta a hankali. Sai dai abu ɗaya zan tambaye ka. In taka ta bugi reshe, wace ƙara take yi?

Na Kolorado: Ranka ya daɗe Baba, gaskiya tana ɗan yin ƙwas, kamar an ƙwanƙwasa fankon jarka. Na naɗa mata ƙyalle a wurin.

Baba Maharbi: To. Barewa ta san ƙarar itace a kan itace, ba ta damuwa. Wannan ƙwas ɗin kuwa baƙo ne a daji.

Na Kolorado: Amma Baba, kumburin da ka ambata shi ne dalilina. A nan ana harbi daga nisan mita 300. In kota ta kumbura ta taɓa bututu kaɗan, saitin da ka yi a watan Satumba ya tashi aiki a Nuwamba. Ta kabon ko ruwa ya kwana a kanta ba ta motsi.

Ɗan Sarkin Baka: Mita 300! Ka ji dalilin da ya sa na ce ba maharbi ba ne. Maharbi yakan sa burtu a ka ya rarrafa har ya ji numfashin dabba. Kai kana can bayan dutse da madubi, dabba ba ta ma san an haife ka ba. Wannan ai kisan mummuƙe ne.

Na Kolorado: Zo ka rarrafa a ƙanƙara mu gani.

Ɗan Sarkin Baka: Aiko min da biza.

Mai Tono: Na je na tono muku. Dakarun sintiri na arewacin Kanada, waɗanda suke yawo a wuraren da sanyi ya fi na Kolorado nesa ba kusa ba, sun riƙe bindigar Lee-Enfield mai kotar katako tun 1947, sama da shekara 70. Da aka tashi sauya musu aka ba su C19, ita ma kotarta katako. Da kabon ya fi, gwamnatin Kanada ta rasa kuɗin saye ne?

Malamin Fiziks: Wancan katakon falle-falle ne aka jera aka manne da gam aka matse, shi ya sa bai cika kumbura ba. Ka ga shi ma da robar a jikinsa.

Mai Tono: Katako dai sunansa katako.

Malamin Fiziks: Kuma tunda an zo nan, mai bindiga, faɗa mana gaskiya game da kafaɗarka. Harsashi iri ɗaya, in ka rage nauyin bindiga daga kilo 4 zuwa 3, ƙarfin shurin da take yi baya yana ƙaruwa da kashi ɗaya cikin uku. Ga shi mara nauyi ta fi rawa a hannu in mutum yana haki. Maganar zafin bututu ma har yanzu ana ja a kai, masu ƙerawa suna cewa kabon yana saurin fitar da zafi, wasu masu harbi suna cewa gam ɗin rufe zafin yake a ciki.

Na Kolorado: Na gwada ta ranar Lahadi, harsashi goma sha biyu. Kafaɗar ta ɗan yi shuɗi, amma ai sabo ne.

Ɗan Makera: "Duk wanda ya san ciwon kafaɗarsa." Wa ya faɗi haka ɗazu?

Ustaz: Ni abin da ya dame ni daban ne. Daga mita 300, kafin ka isa wurin dabbar ai ta mutu. Naman nan kana yankawa kuwa?

Na Kolorado: Ina bismillah kafin in ja kunama, Ustaz. In na tarar da ita da rai in yanka.

Ustaz: Malamanmu na Malikiyya na baya sun halatta abin da harsashi ya huda in an ambaci sunan Allah. Amma ka tabbata kana yi, ba sai ka ga ta faɗi ka tuna ba.

Mai Tono: Ni a wajen wa'azi na ji an ce mushe ne.

Ustaz: Wane malami?

Mai Tono: Na manta sunansa, amma babba ne.

Ustaz: Ku irinku ne kuke ɓata addini da "na ji an ce".

Mai Tono: Ustaz, kada ka ga ina girmama ka. Kuɗin gudummawar asibitin Baba da aka tara a zauren nan wata huɗu ke nan, har yau ba mu ga lissafi ba, kuma a hannunka aka tara.

Ustaz: Inna lillahi! Na tura rasit tun ranar, ka hau sama ka duba.

Baba Maharbi: Kuɗi sun iso ni, ɗana. Ku bar wannan.

Ɗan Makera: Mu koma kan batu. In kotar itace ta karye a daji, kowane ƙauye akwai masassaƙi, kwana biyu ya fafe maka sabuwa da kirya ko marke. In taka ta tsage wa zai gyara?

Na Kolorado: A mayar wa kamfani.

Ɗan Makera: Maharbin da sai ya jira masinja.

Ɗan Sarkin Baka: Mafarauci. A daina ce masa maharbi, don Allah.

Admin: Ya isa haka, saƙo ya haura ɗari tun la'asar. Da farko ina tunatarwa, zauren nan na hira ne, ba a cinikin makami a cikinsa, dokar makamai ta Najeriya ta 1959 tana nan daram kuma ko adaka sai da lasisi. Game da muhawara, ga abin da aka cimma. Malamin Fiziks da bakinsa ya tabbatar cewa itace ya fi kabon rashin nauyi, kuma kabon roba ce da aka gasa, saboda haka kawu bai yi laifi ba. Mai bindigar ya amsa cewa tana ƙara a daji kuma ta kumbura masa kafaɗa. Sojojin Kanada ma da aka sauya musu bindiga ba su bar katako ba. Baba ya nuna mana cewa kotar baushe tana kai shekaru masu yawa ba abin da ya same ta. Maganar ko shi maharbi ne, rinjaye ya nuna mafarauci ne, muna yi masa fatan alheri a hakan. An rufe.

Malamin Fiziks: Admin, ban ce haka ba. Kuma Baba cewa ya yi sau biyu tana tsagewa.

Na Kolorado: Wane rinjaye? Mutum biyu ne, kuma 'yan unguwa ɗaya. Kai kuma Admin ai kowa ya san rumfar katako gare ka a kasuwa.

Admin: Na ce an rufe.

Direban Tirela: Har yanzu dai ba a faɗa min nawa aka saya ba.